Kunne kafin baki: abin da ke hana ɗalibai bambance sautukan Turanci

A kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a ƙaramar hukumar Guri ta jihar Jigawa, kamar takwarorinsu na sauran sassan Najeriya, suna zama jarrabawar furucin Turanci ba tare da sun ji sautin kalma ko ɗaya ba.

Takarda ta uku ta darasin Turanci a jarrabawar WAEC tana ɗauke da tambayoyi 60, waɗanda ake amsawa cikin minti 45, kuma maki 30 aka ware mata. Ana ba ɗalibi kalma, a ja layi ƙarƙashin wani harafi, a ce ya zaɓo wadda take da irin wannan sauti daga cikin kalmomi huɗu. Ana kuma tambayarsa gaɓar da ake dannawa a kalma, da ma'anar alamomin sauti. Duk wannan da ido ake yinsa, ɗakin jarrabawa tsit. Hukumar NECO ma a rubuce take yin tata, haka nan tambayoyin furuci da JAMB ke sakawa karanta su ake yi a fuskar kwamfuta.

Ba haka lamarin yake ba a dukkan ƙasashen da WAEC ke aiki. A Ghana da Gambiya da Saliyo ana kunna wa ɗalibai murya ne su saurara, sannan su amsa. Najeriya da Laberiya ne ke yin ta takarda.

Sakamakon wannan tsari a bayyane yake a cikin aji. Malami yana koyar da abin da za a tambaya, saboda haka sai ya cika allo da alamomi, ɗalibai su kwafa su haddace. Yaro yana iya sanin cewa "pan" da "fan" alamominsu daban ne, ya ci makin tambayar, amma idan aka faɗi ɗaya daga cikinsu a bayansa ya kasa tantance wacce aka faɗa.

Ƙasar da ke tsayar da jiragen sama

Domin a ga yadda wasu suka ɗauki wannan batu, sai a dubi Koriya ta Kudu, ƙasar da matsalar ɗalibanta da sautukan Turanci ta yi kama da ta Bahaushe ƙwarai.

A wata ranar Alhamis cikin watan Nuwamba na kowace shekara, ɗalibai kimanin rabin miliyan ke zama jarrabawar shiga jami'a da ake kira Suneung, wadda aka fara a 1993. Daga cikin tambayoyi 45 na Turanci, 17 na sauraro ne. A lokacin da ake wannan sashe, daga ƙarfe ɗaya da minti biyar na rana zuwa ɗaya da minti arba'in, hukumomi suna hana jiragen sama tashi da sauka a duk faɗin ƙasar, in ba na gaggawa ba. Waɗanda ke sama kuwa sai su ci gaba da shawagi can nesa da ƙasa har a gama, don kada ƙararsu ta hana wani yaro jin bambancin kalma da kalma.

Harshen Koriya ba shi da sautin "f" ko "v" ko "z". Harafi guda ne kuma ke wakiltar "r" da "l": idan ya faɗo tsakanin wasula sai ya yi kama da "r", idan ya zo ƙarshen gaɓa ya koma "l". Shi ya sa "right" da "light" sukan zame wa mai koyo kalma ɗaya, haka ma "coffee" da "copy". Kalmar ƙarfafa gwiwa da 'yan ƙasar ke yi wa 'yan wasansu kirari da ita, wadda suka aro daga "fighting", wasu na furta ta "paiting" wasu kuma "hwaiting". Basakkwacen da ke cewa "hwara" a inda Bakano zai ce "fara" ba zai yi mamakin wannan ba.

Ƙasar ta kashe kuɗi masu yawa a kan lamarin. A 1995 ta ɓullo da shirin EPIK na ɗauko malamai daga ƙasashen da Turanci ne harshensu na gado, a 1997 kuma ta mayar da Turanci darasin dole tun daga aji uku na firamare. Har ta kai a farkon shekarun 2000 jaridu suka riƙa ba da labarin iyayen da ke kai 'ya'yansu asibiti a yanke musu tantanin da ke ƙarƙashin harshe, wai don harshen ya saki su iya furta "r". Abin ya tayar da hankali har hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ɗauki nauyin wani fim a 2003 wanda wani sashensa ya nuna irin wannan tiyata.

Wuƙar likita ba ta magance komai ba, domin harshen yaran lafiyarsa lau. 'Ya'yan Koriyawa da aka haifa a Amurka suna furta "r" da "l" daidai da kowa, da irin harshen da iyayensu suka haife su da shi. Matsalar a wajen ji take.

Yadda kunne ke rufewa

A 1984 wasu masu bincike a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, suka gwada jarirai da ake reno a gidajen masu jin Turanci. Suka kunna musu sautukan harshen Hindi da na wani harshen 'yan asalin Kanada, waɗanda babu su a Turanci. Jarirai 'yan wata shida zuwa takwas suka riƙa gane bambancin ba tare da wahala ba. Waɗanda suka kai wata goma zuwa goma sha biyu kuwa akasarinsu sun daina ganewa.

Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington da abokan aikinta sun sami irin wannan sakamako a 2006, da suka kwatanta jariran Amurka da na Japan kan "r" da "l". A wata shida zuwa takwas duka ɓangarorin daidai suke. Kafin su cika shekara na Amurka sun ƙara ƙwarewa, na Japan kuwa sun ja baya.

Ma'anar wannan ita ce ana haihuwar yaro da kunnen da zai iya ɗaukar kowane harshe. Kafin ya fara tafiya, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta tantance bambance-bambancen da ke sauya ma'ana a harshen da ake yi masa magana da shi, ta yi watsi da saura. Ba naƙasa ba ce, hikima ce: da ba don haka ba, da kowane ɗan sauyin murya sai ya ɗauka wata sabuwar kalma ce. Amma idan ya girma ya zo koyon wani harshe, duk baƙon sautin da ya ji sai ƙwaƙwalwar ta jefa shi cikin rukunin da ya fi kusa da shi a harshen gida.

Harafi ɗaya, furuci huɗu

A Hausa, abin da ake rubutawa da "f" ƙwayar sauti ce guda, amma ba furuci ɗaya gare ta ba. Akasarin Hausawa da leɓɓa biyu suke yin ta, iska ta kurɗa ta tsakaninsu, saɓanin Bature da ke ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Wasu kuma sukan rufe leɓɓan ruf, sai ta fito kamar "p". A karin harshen yamma, wato su Sakkwato da sassan Nijar, takan koma "hw" ko "h". Wanda ya ce "fita" da wanda ya ce "pita" da wanda ya ce "hita" duk abu ɗaya suka faɗa, kuma ba wanda zai tsaya tambayar me suke nufi.

To, kunnen da ya shekara goma sha biyar yana koyon cewa wannan bambanci ba shi da amfani, shi ne ake so rana ɗaya ya raba "pull" da "full", ko "pile" da "file", ko "cup" da "cuff". Daga nan ne ake samun abin nan da ake yi wa 'yan Arewa ba'a da shi, inda mutum zai ce "feofle" ko "pederal". Ba wai ya kasa furta "p" ba ne, ga shi ya furta ta a inda ba wurinta ba. Bai dai ji cewa abubuwa biyu ne ba, don haka duk wadda ta zo bakinsa ita yake saki.

Kalmomin aro sun adana tarihin wannan al'amari. Fasinja da fensir da fenti da famfo da firamare da farfesa duk da "p" suka fara a Turanci. Sautin "v" kuwa, da yake babu shi sam a Hausa, "b" ya koma: direba, bidiyo, biza, talabijin. Wannan ne ya sa "vote" da "boat", ko "van" da "ban", suke faɗa wa kunne iri ɗaya.

Sai kuma sautuka biyun da Turanci ke rubutawa da "th". Na cikin "think" Bahaushe yakan mayar da shi "s", na cikin "this" kuma ya zama "z", alhali a kudancin Najeriya "t" da "d" ake mayar da su. Wannan ma tsohuwar ɗabi'a ce da ta girmi zuwan Turawa, domin haka Hausa ta yi wa Larabci: daga nan aka sami Usman da hadisi da misali, da kuma izini da zikiri da zunubi.

Akwai wata matsalar da ba a cika lura da ita ba, ko da yake ta fi sauran yin ɓarna a takardar jarrabawa. Hausa ba ta jera baƙaƙe biyu ko uku a farkon kalma ko ƙarshenta, shi ya sa take cusa wasali a tsakani: burodi, sukudireba, asibiti. Koriyanci ma haka yake yi, har kalmar "strike" mai gaɓa ɗaya takan zama mai gaɓa biyar. Idan baƙaƙen a ƙarshen kalma suke, sau da yawa kunne yakan zubar da na ƙarshe. Ɗalibin da bai ji bambancin "walk" da "walked" ba, ko "card" da "cards", ba zai rubuta shi a insha'i ba. Mai duba takarda zai ɗauka kuskuren nahawu ne ya zaftare maki, alhali tushensa rashin ji ne.

Ba Hausawa kaɗai ke da irin wannan ba. Bayarabe yana fama da "h" a farkon kalma, wasu Ibo da Tibi kuma suna musanya "r" da "l" kamar Koriyawa. Kowane harshe da wurin da yake toshe wa mai shi kunne.

Abin da Bahaushe ya fi wasu ji

Kunnen Bahaushe yana da nasa arzikin. Yana raba "kafa" da "ƙafa", da "bari" da "ɓari", da "dawa" da "ɗawainiya" tun daga harafin farko, abin da Baturen da ke koyon Hausa kan shafe watanni yana fama da shi. Yana jin karin sauti, yana kuma jin tsawon wasali, wanda shi ne ya raba garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi.

Wannan na ƙarshe yana da amfani kai tsaye. Hausa tana da gajerun wasula biyar da dogaye biyar, saboda haka "ship" da "sheep", ko "full" da "fool", ba su cika rikita Bahaushe kamar yadda suke rikita masu harsunan da ba su da wannan bambanci ba. Farfesa Munzali Jibril, a binciken digirinsa na uku da ya kammala a Jami'ar Lancaster a 1982 kan bambance-bambancen furucin Turancin Najeriya, ya nuna cewa Turancin Hausawa da na 'yan kudu tsarin sautinsu daban ne, kowanne da tasirin harshen gida da kuma tarihin yadda boko ya shigo yankin.

Sai dai wasulan Turancin Ingila sun kai 20, don haka dole wasu su cunkushe wuri ɗaya. "Cut" da "cat" sukan haɗe a kan gajeren "a", yayin da "heard" da "hard" ke haɗewa a kan dogon.

Tsofaffin 'yan boko na Arewa shaida ne cewa ana iya wuce wannan shinge. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ta yi suna wajen matsa wa ɗalibanta kan iya magana da Turanci. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, mutumin da aka yi wa laƙabi da mai muryar zinariya. Waɗannan ɗalibai 'yan kaɗan ne, kuma kullum suna jin harshen daga bakin malamai daban-daban. Da aka buɗe ƙofar ilimin firamare ga kowa a 1976, yawan yara ya ninka, aka ɗauki malamai cikin gaggawa, da yawansu kuma su kansu ba a taɓa horar da kunnensu ba. Malamin da bai ji bambancin "p" da "f" ba, ba yadda za a yi ya jiyar da ɗalibi.

Ajin da ke da harsuna huɗu

A nan ne Guri take da wani abu da Koriya ba ta da shi. Ƙaramar hukumar, wadda ke cikin masarautar Haɗeja a kan iyaka da jihar Yobe, tana tsakiyar fadamun Haɗeja da Nguru, ƙasar masunta da manoman shinkafa da makiyaya. Mutanenta sun haura 100,000 a ƙidayar 2006, kuma ba harshe ɗaya gare su ba. Akwai Badawa da Mangawa da Fulani da Hausawa, ko da yake Hausa ce harshen kasuwa da kowa ke ji.

Harshen Bade, wanda marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya daɗe yana nazarinsa, ɗan uwan Hausa ne a zuriyar harsunan Cadi, amma yana da "p" da "f" da "v" da "b" kowanne daban. A ƙidayar Badanci kalmar huɗu da "f" take farawa, ta biyar kuma da "v". Yaron da ya tashi da wannan harshe tun yana ƙirga awaki yake raba sautukan da ke ba Bahaushe wahala. Fulatanci ma yana raba "p" da "f", har a sunan masu harshen: mutum ɗaya Pullo, jama'a Fulɓe.

Ke nan a aji guda a Guri ana iya samun yaran da bambancin yake musu a sarari zaune kusa da waɗanda ba sa jin sa ko kaɗan. Malamin da ya san haka yana da mataimaka kyauta. Abin da ya fi faruwa shi ne ana ɗaukar ajin kamar kowa Bahaushe ne, littafin ma iri ɗaya ne da wanda ake amfani da shi a Legas. Wani abin dubawa kuma shi ne yadda Hausa ke ci gaba da mamaye ƙananan harsunan yankin, ta yadda yaron da iyayensa suka daina yi masa Badanci a gida ya yi asarar wannan fifiko tare da harshen.

Akwai arziki na biyu, wanda ya game kusan kowane gida. Ilimin tajwidi horar da kunne ne tsantsa. Malami yana karantawa, ɗalibi yana saurare yana kallon bakinsa, ya maimaita, a gyara masa nan take, har sai ya raba sinun da sadun da sa'un mai ɗigo uku, ya raba zayun da zalun. Tun da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986, wannan ilimi ya bazu a makarantun Islamiyya da na hadda. Harafin nan mai ɗigo uku shi ne sautin farko na "think", zalun kuma shi ne na farkon "this". Yarinyar da ta iya fitar da su a karatunta na safe, ita ce da rana za ta ce "sink" a maimakon "think", saboda ba wanda ya taɓa gaya mata cewa abu ɗaya ne. Jimla guda daga bakin malamin Turanci ta isa ta haɗa mata su.

Abin da gwaji ya nuna

Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce ko kunnen da ya riga ya rufe zai sake buɗewa bayan mutum ya girma. A 1991 John Logan da Scott Lively da David Pisoni na Jami'ar Indiana suka gwada wata dabara a kan Japanawa manya. Suna kunna musu kalma, su zaɓi ko mai "r" ce ko mai "l", a gaya musu amsa nan take. Sabon abin da suka shigo da shi shi ne muryoyin mutane biyar daban-daban, maza da mata, da kuma sanya sautin a wurare daban-daban na kalma. Cikin mako uku aka ga ci gaba. Da suka sake gwajin da muryar mutum ɗaya tak, sai masu koyon suka ƙware a kan muryarsa, amma da aka kawo baƙuwar murya ƙwarewar ba ta bi su ba.

A 1997 Ann Bradlow da abokan aikinta suka faɗaɗa gwajin zuwa zama 45. Yawan amsoshin da ke daidai ya tashi daga kashi 65 cikin ɗari zuwa 81. Abin da ya fi jan hankali shi ne furucin mutanen ma ya gyaru, alhali ba a koya musu furuci ko sau ɗaya ba. Da aka sake gwada su bayan wata uku, ba su mance ba. Kashi 81 bai kai na ɗan gado ba, wanda kusan ba ya kuskure, amma tazara ce babba ga aikin da bai wuce wata guda ba.

Darasin da ke ciki ga makarantar karkara shi ne muryar malami ita kaɗai ba ta isa ba, ko da furucinsa daidai ne. A da wannan sai mai ɗakin gwajin harshe da na'urori. Yanzu wayar hannu da ƙaramar lasifika mai caji da hasken rana sun wadatar, a ɗora muryoyin a katin waya tun daga Haɗeja ko Dutse, ba sai an dogara da intanet ba.

Tsarin ba shi da wuya. Ana farawa da nuna yadda ake yin sautin: a riƙe 'yar takarda a gaban baki, idan aka ce "pan" ta yi tsalle, idan aka ce "fan" haƙora su sauka a kan leɓe. Daga nan sai a rufe baki da littafi, ko a kunna murya, domin kada ido ya taimaki kunne. Yara su ɗaga yatsa ɗaya ko biyu, a faɗi amsa kafin a wuce. Hakan na ba malami damar ganin ajin gaba ɗaya a kallo guda, ko da yara sun kai ɗari. Sai a matsa da sautin zuwa tsakiyar kalma da ƙarshenta, sannan cikin jimlar da kowace kalma za ta iya zama, yadda ba za a cinta daga ma'ana ba. Shifta, wadda makarantu da yawa suka yi watsi da ita, ita ce ke kama masu zubar da baƙin ƙarshe. Minti goma a kullum ya fi darasin sa'a biyu sau ɗaya a zango.

Ba kowane sauti ne ya cancanci wahala ɗaya ba. Jennifer Jenkins, a littafinta na shekarar 2000 kan furucin Turanci a matsayin harshen duniya, ta nazarci inda fahimta ke yankewa tsakanin waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba ne. Ta gano cewa musanya "th" da wani sauti ba ya cika hana fahimta, amma sauran baƙaƙe da tsawon wasali suna hanawa. Bisa wannan ma'auni, "p" da "f" da kuma "b" da "v" su ne ya kamata malami a ƙasar Hausa ya fi ba lokaci. Manufar ba ita ce ɗan Guri ya koma magana kamar ɗan Landan ba, wanda ba zai yiwu ba kuma ba a buƙata. Manufar ita ce ya ji abin da aka faɗa, a kuma ji abin da ya faɗa.

Inda abin ke tsada

Sai bayan sakandare ne giɓin ke fitowa fili. Ɗalibin da ya shiga Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, ko Kwalejin Ilimi ta Gumel, zai zauna gaban malamai daga sassa daban-daban, kowa da irin furucinsa, yana rubuta abin da kunnensa ya ba shi. Ma'aikaciyar jinya da aka gaya mata adadin magani ta waya dole ta raba "fifteen" da "fifty". Mai neman karatu ko aiki a Ingila zai gamu da jarrabawar IELTS, inda sashen sauraro ke da tambayoyi 40, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar.

Sauye-sauyen manufofin gwamnati sun ƙara wa batun nauyi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yara da harshen uwa har ƙarshen firamare. A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan manufa, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga matakin farko, matakin da masana harshe da dama suka soka. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, hukuncin na nufin ɗan shekara shida a ƙauyen da ba a jin Turanci a kasuwa ko a gida zai koyi lissafi da kimiyya ta hanyar sautukan da kunnensa bai riga ya rarrabe ba, daga bakin malamin da wataƙila shi ma bai rarrabe su ba.

Dalilin da ya sa Najeriya ta tsaya a kan jarrabawar takarda ba ɓoyayye ba ne: ɗalibai sun haura miliyan ɗaya da rabi, cibiyoyi dubbai ne, wutar lantarki ba tabbas. A 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa ta kwamfuta, kuma na'urar da ke nuna tambaya tana iya fitar da murya idan aka haɗa mata abin sawa a kunne. A yanki irin na Guri, inda ambaliya kan yanke hanyoyi da damina, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanan ruwa, kai kwamfutoci da wutar da za ta riƙe su zuwa kowace cibiya aiki ne da zai ɗauki shekaru. Lasifikar da za ta wadaci aji guda kuwa ana sayar da ita a kasuwar Haɗeja.